Aikatau mai wutsiya da kalmomin yiwuwa a Turancin Ingilishi

A nahawun Turanci akwai wani irin aikatau da ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya jawo wata 'yar ƙaramar kalma a bayansa irin su up, out, off, down ko in, su biyun su haɗu su ba da ma'ana guda. Masana suna ce masa phrasal verb, mu a nan bari mu kira shi aikatau mai wutsiya. Give bayarwa ne, amma give up ya koma saduda ko haƙura da abu, turn juyawa ne, turn up kuwa mutum ya ɓullo ko abin da ya ɓata ya fito. To idan aka sa may, might, could ko can a gabansa, magana ta tashi daga labarin abin da aka tabbatar ta koma zato, abu ne da kan iya faruwa kuma yana iya ƙin faruwa.

Wahalar tsohuwa ce. Tun 1755 Samuel Johnson ya faɗa a gabatarwar ƙamus ɗinsa cewa wannan liƙa wa aikatau 'yar kalma shi ya fi ɗaure wa baƙi kai in suna koyon harshen, sunan phrasal verb ɗin kuwa marubuci Logan Pearsall Smith ne ya yaɗa shi a 1925. Su kuma kalmomin da ake sawa a gaba, waɗanda ake kira modal, manyansu tara ne: can, could, may, might, must, shall, should, will da would. Asalin may a tsohon Turanci ƙarfin yin abu ne, asalin can kuma sanin yadda ake yi, a hankali ma'anar ta zame ta koma yiwuwa. Mu ma haka "iya" take mana, ai muna cewa ya iya tuƙi, kuma muna cewa ana iya yin ruwa yau.

Jerin kalmomin ba ya canzawa: kalmar yiwuwa, sai aikatau tsirara, sai wutsiya. "She might turn up" wato ƙila ta ɓullo. Ba a ƙara s ko da mutum ɗaya ake nufi, ba a sa to a tsakani, saboda haka "he may turns up" da "they might to give up" duk kuskure ne. In akwai abin da aikin ya faɗa a kansa, dokar wutsiyar ce ke aiki kamar yadda ta saba, kalmar yiwuwa ba ruwanta da wannan. Ana iya cewa "they may call off the strike" ko "they may call the strike off", duk ƙila su janye yajin aikin ake nufi, amma da zarar an sa it a madadin sunan to dole ya shiga tsakiya, "they may call it off". Wasu kuma sam ba sa rabuwa, irin run into da look after, sai dai "you might run into him", mai yiwuwa ka yi kiciɓis da shi. Akwai ma masu wutsiya biyu, "we could run out of fuel", mai na iya ƙare mana.

Inda abin ya fi daɗi shi ne bambancin da ke tsakanin kalmomin su kansu. May da might da could duk suna nuna cewa wani takamaiman abu na iya aukuwa yanzu ko nan gaba, wasu malamai na cewa might ta fi rauni kaɗan, amma a bakin mutane tazarar ba ta da yawa, sai dai may ta fi zama a rubutun ofis da jarida. Can kuwa daban take, ita halin abu take faɗa, abin da yakan yi lokaci-lokaci. "A generator can break down in hot weather" na nufin janareta yakan lalace in ana zafi, magana ce a kan kowane janareta. In kuwa naka na gida kake jin yana wata irin ƙara tun da yamma har kana fargabar daren yau, sai ka ce "the generator might break down tonight". Mai jin Hausa yakan zame a nan saboda "zai iya" ɗinmu ta ɗauke aikin duka biyun, sai ya sa can ko'ina, kuma gaskiya wannan na cikin abin da ya kamata malaman aji su fi tsayawa a kai, amma sun fi ɓata lokaci wajen haddar jerin kalmomi don jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Korewa ma tana da tarko, babba ma kuwa. "The plan may not work out" ko "might not work out" na nufin ƙila shirin ya ƙi tafiya, ƙofa a buɗe take. Amma "it can't work out" ko "it couldn't work out" ya rufe ƙofar gaba ɗaya, ba zai taɓa yiwuwa ba ke nan. Ka ga could da might da suke kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai a magana ta tabbatarwa, not na shigowa sai kowa ya kama gabansa. A tambaya kuma ba a cika amfani da may don yiwuwa ba, domin "may I come in" neman izini ne, sai a ce "could the deal fall through", shin cinikin na iya rushewa.

Don abin da ya wuce ana sa have sannan aikatau ya ɗauki siffarsa ta uku, irin broken daga break, wutsiya tana nan a ƙarshe. "He might have dozed off", ƙila barci ne ya sace shi. "The thieves may have broken in at night", wataƙila da dare ɓarayin suka fasa suka shiga. Could have tana da fuska biyu, tana iya zama zato, tana kuma iya nufin abin da ya kusa faruwa Allah ya kiyaye, kamar "the tanker could have blown up", saura ƙiris tankar ta yi bindiga amma ba ta yi ba. In hujja ta yi ƙarfi sai a hau zuwa must have, "she must have passed out", lallai suma ta yi, kishiyarta kuma can't have. Da yake a baki might have na fita kamar might've, har 'yan asalin harshen da yawa suna rubuta "might of", wanda ba daidai ba ne a rubutu. Ana kuma ƙara well don a ƙarfafa zaton, "prices may well go up", da alama dai farashi zai tashi, haka nan akwai siffar da ba a faɗi mai aikin ba, "the match may be put off", ana iya ɗage wasan.

Abin da zai sauƙaƙa wa Bahaushe shi ne harshenmu ma yana wannan aikin, sai dai mu a ƙarshen aikatau muke yinsa. Ci ya zama cinye, sha ya zama shanye, saya ya zama saye, waɗannan su ne eat up da drink up da buy up, ƙarasa abu kakaf. Koma ya zama komo, fita ya zama fito, inda Bature zai nemo back ko out ya haɗa da come. Yiwuwa kuwa mun saba ajiye ƙila ko wataƙila a farkon jimla mu bar sauran yadda take, shi ya sa ɗalibanmu suka fi sakewa da "maybe he will show up". Jimlar daidai ce ba laifi, amma a lura maybe a haɗe kalma ɗaya ce mai nufin wataƙila, may be a rabe kuwa kalmar yiwuwa ce da aikatau, kamar a "they may be holding back", ƙila akwai abin da suke ɓoyewa.

Daidaitaccen Turanci ba ya jera kalmomin yiwuwa biyu a jere, in ana son haɗa zato da iyawa sai a ce "I might be able to drop in", ƙila in samu in leƙo. A jihohin kudancin ƙasar Amurka da wasu sassan Sikotilan dai ana jin "might could" a bakin mutane, karin harshensu ne na gida, amma mai duba takardar jarrabawa zai soke shi da jan biro.