Waiwaye: yadda aka yanke wa sabon shiga farashi a gasar NBA

Tun da Oklahoma City Thunder ta ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2025, masu bibiyar ƙwallon kwando ba su daina ja-in-ja a kan albashin sababbin 'yan wasa ba. Jalen Williams, matashin ɗan wasan Oklahoma wanda ya shiga sahun taurarin gasar a kakar, bai karɓi dala miliyan 5 ba, alhali Stephen Curry, wanda ya daɗe a gasar, ya haura miliyan 55. Wasu na cewa gumin yara ake ci, wasu kuma na cewa dole yaro ya nuna kansa kafin a cika masa aljihu. Sai dai wannan tsari ba jiya aka fara shi ba.

Farkon labarin sananne ne. A kakar 1984-85, lokacin da Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon a matsayin zaɓi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi bi da bi kowace shekara, aka fara ƙayyade jimillar albashin kowace ƙungiya a kan dala miliyan 3.6. Amma sabon shiga yana da damar yin ciniki. A 1994 Glenn Robinson ya sa hannu da Milwaukee a kan dala miliyan 68 na shekara 10, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba. Shekara guda bayan haka aka fito da jadawalin albashi: lambar da aka zaɓe ka a kai ita ce farashinka.

Nan yawancin masu ba da labarin suke tsayawa. A ganina kuwa, abin da ya haifi tsarin yau yana cikin shekaru uku da suka biyo baya.

Jadawalin 1995 na shekara uku ne kacal. Da sun cika, ɗan wasa ya zama mai 'yancin kansa, ya tafi duk inda ya so. Ƙungiya kuma tana iya sabunta masa kwantiragi bayan kaka biyu, ba tare da wata iyaka ga abin da za ta biya ɗan wasanta ba. Wato an toshe ƙofa an bar taga a buɗe. Ƙungiyar da ke ƙaramin gari, wadda ta ga Shaquille O'Neal ya bar Orlando ya koma Los Angeles a 1996, ta san abin da ke jiranta: ko ta biya yaro kuɗi masu nauyi tun bai gama girma ba, ko ta raine shi wata ta ci moriyarsa.

Haka ta faru da Minnesota. Ta ɗauki Kevin Garnett a 1995 kai-tsaye daga makarantar sakandare. A watan Oktoban 1997, yana da shekara 21, aka sabunta masa kwantiragi na shekara shida a kan dala miliyan 126, kuɗin da suka zarce abin da aka sayi ƙungiyar kanta 'yan shekaru kaɗan kafin nan. Ba wanda ya karya doka, kowa ya yi abin da ƙa'ida ta ba shi dama ne. Amma daga ranar aka gane cewa jadawalin jinkirta matsalar kawai ya yi.

A watan Yulin 1998 aka dakatar da gasar saboda saɓanin albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, ba a sasanta ba sai Janairun 1999, aka buga wasa 50 maimakon 82. Yarjejeniyar da aka cimma ta sa iyaka ga albashin mutum ɗaya, ta ba ƙungiya zaɓin riƙe sabon shiga shekara ta huɗu, sannan ta ba ta ikon biyan daidai duk tayin da wata ƙungiya ta yi masa don ta riƙe shi. A 2005 aka mayar da tabbatattun shekarun biyu, sauran biyun suka koma hannun ƙungiya.

Shi ya sa Victor Wembanyama, duk da ɗokin da duniya ta yi a kansa a 2023, ya shiga San Antonio a kan kusan dala miliyan 55 na shekara huɗu, ba wani dogon ciniki. Yanzu da yarjejeniyar 2023 tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ta tsananta hukunci a kan ƙungiyoyi masu kashe kuɗi fiye da kima, tauraro mai albashin sabon shiga ya fi kowane lokaci daraja. Ita kanta Oklahoma, da kaka ta ƙare a 2025, sai da ta sabunta wa Williams da Chet Holmgren kwantiragi na shekara biyar-biyar, kowanne ya haura dala miliyan 200.