Ɗora Manhajarka a Agogon Hannu: Abin da Doka Ta Yarda da Shi

Duk mai son goge manhajar kamfani daga agogon hannu na zamani ya ɗora tasa, abu biyu ne ke tare masa hanya: makullin da ke cikin agogon, da dokar da ke gadin makullin.

Dokar ita ce DMCA ta Amurka, ta shekarar 1998. Sashe na 1201 ya hana karya makullin fasaha da ke kare duk wani aiki mai haƙƙin mallaka, har da manhaja. Ko ba ka kwafi komai ba, karyawar kanta saɓa doka ce. Sai dai duk bayan shekara uku Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka kan fitar da sassauci. A 2010 aka yarda a karya makullin wayar hannu don ɗora mata wasu manhajoji, a 2015 aka haɗa da na'urorin da ake riƙewa ko ake sawa a jiki, muddin an ƙera su don gudanar da manhajoji iri-iri. Nan gizo ke saƙa, domin agogon da iyakarsa ƙirga taku da nuna saƙo ba lallai ya cika wannan sharaɗi ba. Sassaucin kuma bai halatta rarraba kayan karya makulli ba, bai kuma tilasta wa kamfani ya ba ka mabuɗi ba.

Makullin kansa fa? Ɗauki cif ɗin nRF52832 na kamfanin Nordic, wato ƙwaƙwalwar lantarki da ke cikin ƙananan agoguna da dama. Ana shiga cikinsa ta siraran wayoyin lantarki biyu, SWDIO da SWDCLK. Idan kamfani ya kunna kariyar APPROTECT, ba za ka iya karanta abin da ke ciki ta hanyar da aka saba ba, sai dai ka share komai kakaf. Da zarar ka share, manhajar asali ta tafi ke nan, har da wadda ke tada agogon, kuma ba ka da kwafin mayarwa.

Agogon PineTime na kamfanin Pine64 ba shi da wannan rigimar, don ba a sa wa manhajarsa makulli ba. Tasa matsalar gam ce. Wanda ake sayarwa a rufe an liƙe bayansa, sai ta Bluetooth ake tura manhaja. Manhajar da ke tada shi, MCUboot, tana ajiye tsohuwar manhaja idan an tura sabuwa. Idan ba ka shiga saituna ka tabbatar da sabuwar ba, agogon na sake tashi zai koma ta da. Amma in manhajar tadawar ce ta lalace, dole a ɓalle murfi, daga nan kuwa kada ka bari ruwa ya taɓa shi.

Sai batun rediyo. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, tana ba na'ura lasisi ne bisa ƙarfi da zangon da aka gwada ta a kai, don haka kada manhajarka ta wuce su. A Tarayyar Turai, tun 1 ga Agusta 2025 sharuɗɗan tsaron intanet na dokar na'urorin rediyo suka fara aiki a kan na'urorin sawa a jiki. Ba su ambaci hana manhajar mai agogo ba, amma hanya mafi sauƙi ga kamfani ita ce agogon ya ƙi duk manhajar da ba ta ɗauke da sa hannun kamfanin na dijital.