"Ko-ota": suna a kan takarda, da kuɗin da ba ya sayen sa

Da zarar lokacin ƙarin girma ya ƙarato a jami'o'inmu, kalma ɗaya za ka yi ta ji a ɗakin shan shayin malamai: "Ranka ya daɗe, a sa ni ko-ota mana." Kwanan nan har ta shiga rediyo. Na ji wani mai gabatar da shiri a nan Kaduna yana taya wani malami murna, wai ya "rubuta littafi kan ƙwaƙwalwa tare da Turawa". Maƙala ce fa, kuma sunansa na tsakiyar dogon jeri.

Kalmar daga Turanci take, "co-author", kuma fassarar da ake yi mata, wato "abokin rubutu", ita ke ɓata lissafin. A kimiyya ana iya samun suna a maƙala ba tare da an rubuta sakin layi ko ɗaya ba. Ni "mawallafi" ta fi kwanta mini, don tushenta Larabci ne mai nufin harhaɗa abubuwa wuri guda.

Dubi International Brain Laboratory, gamayyar ɗakunan bincike na Turai da Amurka da aka kafa a 2017. A 2025 suka fitar da taswirar yadda ƙwaƙwalwar ɓera ke aiki lokacin yanke shawara, a mujallar Nature: ɓeraye 139, ɗakunan bincike 12, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sama da 600,000. Wani aikinsa horar da ɓera ya riƙa juya wata 'yar tayar roba hagu ko dama idan ya ga alama a allo. Wata ita ke soka siririn na'urar naɗar sigina cikin ƙwaƙwalwa. Wani bai taɓa riƙe ɓera ba, yana gaban kwamfuta yana tace bayanai. To a cikinsu wa ya "rubuta"? Sai suka sa sunan gamayyar a gaba, sannan mutane suka biyo.

Gidauniyar Simons da Wellcome su suka zuba kuɗin, amma ba su cikin jerin mawallafa. Wurinsu na can ƙasa, sashen godiya da bayanin tallafi. Ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci, ICMJE, a fili take: samo kuɗi kaɗai, ko shugabantar sashe, ba ya ba mutum suna. Sai ya taka rawa ta gaske a aikin, ya sa hannu a rubutu ko gyara, ya amince da rubutun ƙarshe, ya kuma yarda a tuhume shi idan an gano kuskure. Wannan sharaɗi na ƙarshe ne masu roƙon suna ba sa so a ambata. Kuɗin TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantunmu, ma hukuncinsu ke nan.

Jerin kuma yana da nasa sirrin. A wannan fanni, mai sunan farko yawanci shi ya sha wahalar aikin, na ƙarshe yawanci shi ne mai ɗakin binciken.

Wata ƙanwata ta yi wata takwas tana yanka ƙwaƙwalwar ɓeraye, hannunta kullum warin fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa, abincinsu ma daga aljihunta. Da maƙalar ta fito, ta sami kanta ta huɗu cikin shida. Na biyun, in ji ta, sau ɗaya ya leƙo ɗakin, shi ma mabuɗi ya zo karɓa.