Sandar girma

Sandar girma, wadda ake kuma kira sandar mulki ko sandar sarauta, ita ce doguwar sandar da gwamnati ke damƙa wa sarki a ƙasar Hausa domin shaidar ta amince da sarautarsa. Jam'inta sandunan girma. A wasu karuruwan harshe ana ɗaukar kalmar a matsayin namiji, a ce sandan girma.

Ba kowace sanda ce ta sarauta ba, kuma Hausa ta bambanta su da suna. Gora ta makiyayi ce da matafiyi, kulki gajere ne mai kauri na duka, kere na mafarauta ne, kwagiri kuwa na dogarawa. Wadda ta fi kusa da sandar girma ita ce kandiri, doguwar sandar da sarki ko limami ke riƙewa, shi ya sa a bakin fadawa da maroƙa akan ji an kira sandar sarki da wannan suna. Sai dai kandirin da liman ke dogarawa a kan mumbari ranar Juma'a al'amarin addini ne, babu hannun hukuma a cikinsa.

Kafin zuwan Turawa kowace masarauta tana da nata kayan gado da ke tabbatar da sarki. Kano tana da tagwayen masu, Katsina tana da takobin nan Gajere da ake dangantawa da Korau, Daura kuma takobin Bayajidda. Da aka yi jihadin 1804, tutar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bayar ita ta zama shaidar izini, daga baya kuma takardar Sarkin Musulmi. Sanda irin ta yau ta samu gindin zama ne bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Gwamna Lugga ya tsara a riƙa bai wa sarki takardar naɗi da sanda, bayan ya yi rantsuwar biyayya. Aka kasa sarakuna daraja-daraja: na daraja ta ɗaya sandarsa doguwa ce mai kan azurfa, na daraja ta biyu mai kan tagulla, na ƙasa da su gajeru. Daga nan ne maganar "sarki mai daraja ta ɗaya" ta shigo, ta zauna kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar kalmar sarkin yanka, wato wanda a da yake da ikon zartar da hukuncin kisa.

A nan ne masu rubutu suka fi yin tuntuɓe, domin sukan haɗa naɗi da ba da sanda kamar abu ɗaya. Masu zaɓen sarki su ke miƙa sunaye, gwamna ya amince da ɗaya, a ba shi takarda, ya shiga gidan sarauta ya fara zaman fada. Bikin sanda yana zuwa daga baya, wani lokaci da tazara mai yawa. An sanar da naɗin Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli a watan Oktoba na 2020, aka ba shi sanda a Zariya a watan Nuwamba. Aminu Ado Bayero kuwa an naɗa shi Sarkin Kano a Maris na 2020, bai karɓi tasa ba sai Yuli na 2021 a filin wasa na Sani Abacha. Saboda haka kuskure ne a rubuta "an naɗa shi" a ranar da aka miƙa masa sanda. Hakimi kuwa rawani sarki ke naɗa masa.

Ranar bikin, sarki yakan yi rantsuwa da Alƙur'ani a hannunsa, sannan gwamna ya miƙa masa sandar a tsaye, kanta a sama. Sarki ya karɓa da hannu biyu ko da dama, ya ɗaga ta jama'a su gani, tambura da kakaki su ɗauka. Bayan haka ba kasafai yake yawo da ita a hannunsa ba. Wani amintaccen bafade ne ke ɗauke da ita a gabansa idan zai fita taron hukuma, in ya zauna a tsayar da ita kusa da shi.

Fi'ilan da ke tafiya da kalmar su ma sun zauna daram. Gwamna yana "ba da" sanda ko ya "miƙa" ta, sarki yana "karɓa", kuma idan aka ce "sarki mai sanda" ana nufin wanda hukuma ta san da zamansa. In aka ɗaga darajar masarauta daga ta biyu zuwa ta ɗaya, sai an sake bai wa sarkin sabuwar sanda da ta dace da matsayin. In kuma aka tuɓe shi, sandar tana cikin kayan da ake nema ya bari, tunda ta kujerar ce.

Kalmar ta fita daga fada ta shiga majalisun dokoki, inda sandar majalisa ke ajiye a gaban shugaba, kuma zama ba ya halatta in babu ita. Shi ya sa rikici kan kai ga wawaso a kanta, kamar ranar 18 ga Afrilu, 2018, da wasu mutane suka kutsa zauren Majalisar Dattawa a Abuja suka fice da ita ana tsakiyar zama.