Me ake nufi da tangaran mai kashe ƙwayoyin cuta?

Idan ka shafa tayil ko kofin tangaran ka ji santsi, ba yumɓu hannunka ya taɓa ba, gilashi ne. Kafin a gasa kayan, ana shafa musu wani kwaɓi na garin farin yashi, da ma'adinan da ke sa shi saurin narkewa, da ɗan yumɓu don ya kama jiki. Wutar tanderu, wadda kan kai digiri 1200 wajen gasa masai da bahon wanke hannu, ita ke narkar da kwaɓin ya zama ɓawo mai ƙyalli da ruwa ba ya ratsawa. Idan aka ce shafen nan yana kashe ƙwayoyin cuta, ana nufin an zuba wani sinadari a cikinsa, ko a samansa, da ke hana bakteriya hayayyafa a fuskar kayan.

Azurfa aka fi sakawa. Tun 1893 aka buga binciken Karl von Nägeli, masanin tsirrai ɗan Suwizalan, wanda ya nuna cewa ɗan mitsitsin ƙarfe irin azurfa ko jan ƙarfe a cikin ruwa ya isa ya kashe ƙananan halittu. A jikin tangaran ma haka abin yake tafiya: idan danshi ya zauna a kan shafen, sai azurfa ta riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan, ta manne wa furotin ɗin bakteriya, ta lalata fatarta, ta toshe mata numfashi. Wahalar tana wajen gashi. Azurfa na narkewa a digiri 962, ƙasa da zafin tanderun, don haka wata takan tashi ta bi iska, wata ta nutse can cikin gilashin inda ba za ta taɓa haɗuwa da bakteriya ba. Shi ya sa masu sana'ar ke ɗaure ta a cikin gari mai jure wuta kafin su kwaɓa. Ana amfani da tutiya da jan ƙarfe ma, sai dai jan ƙarfe yakan rina shafen ya koma kore.

Hanya ta biyu ta haske ce. A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda na Japan suka wallafa cewa sinadarin titaniyam dayoksaid na raba ruwa idan haske ya same shi. Daga nan aka samo shafen da ke ƙone datti da bakteriya da ƙarfin hasken rana, kuma kamfanin TOTO ya fitar da irinsa da sunan Hydrotect. Amma fa yana buƙatar hasken ultrabayolet, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, a banɗakin da ba taga kuwa aikinsa kaɗan ne.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne yadda ake gwada iƙirarin. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ISO 22196, wadda ta samo asali daga ta Japan, JIS Z 2801. Ana ɗiga ruwa mai ɗauke da bakteriya, yawanci E. coli da Staphylococcus aureus, a kan ɗan yankin kayan, a rufe da siririyar leda don kada ya bushe, a ajiye awa 24 a digiri 35 cikin danshi na aƙalla kashi 90 cikin 100. Sai a ƙirga waɗanda suka rage, a kwatanta da na kayan da ba a sa wa komai ba. Idan sun ragu da kashi 99 cikin 100, an ci jarabawa a ƙa'idar Japan.

Sakamako ne na gaskiya, ban raina shi ba. Amma duba sharuɗɗan: yini da dare cur, a jiƙe, a kan fuska mai tsabta. Bangon asibiti ko na kicin yawancin lokaci a bushe yake, azurfa kuwa sai da danshi take motsi. Wanda ya taɓa bahon wanke hannu minti biyar bayan marar lafiya, shafen bai riga ya kashe ƙwayoyin da ke wurin ba. Idan kuma maiƙo ko kumfar sabulu ta yi kanta a sama, bakteriya na zaune ne a kan dattin, ba ta ma taɓa gilashin. Abin da ke damuna ke nan, kada kalmar da ke jikin kwali ta sa a sassauta wanki, musamman inda ake jinya. Gwajin nan kuma na bakteriya ne kawai, bairos da naman gwari suna da nasu gwajin daban.

Akwai kuma wuraren da shafen ba ya kaiwa. Ɗaga tsohon kofi zuwa haske, za ka ga siraran tsage kamar yanar gizo-gizo, sun yi ruwan ƙasa saboda abin da ya shige ciki ya ƙi fita. Haka layin siminti da ke tsakanin tayil da tayil: ba shi da gilashi, yana shan ruwa, shi ne kuma ke fara yin baƙi tun tayil ɗin yana ƙyalli.