Mene ne "Barok"? Ga amsa daga aikin wani magini ɗan Ostiriya

Duk mai yawan leƙa hotunan tsofaffin biranen Turai a intanet ya san ba a daɗewa sai a ci karo da kalmar "Barok". Masu sayar da kujerun falo masu sassaƙa da ruwan zinare su ma sun are ta. Amma asalinta ba yabo ba ne, gori ne.

Yawancin masana sun ce ta fito daga kalmar Fotugis "barroco", wato lu'ulu'un da bai mulmulu daidai ba, ya fito a karkace. Masu sukar gine-gine a ƙarni na 18 suka ɗauko ta suna jifan wani salo da suke ganin ya cika ado, ya wuce gona da iri. Sai ƙarshen ƙarni na 19 masana tarihi suka wanke ta, ta zama sunan salon gini da zane da kiɗa na Turai daga wajen 1600 zuwa 1750.

A Roma salon ya tsiro. Cocin Katolika ya sha kaye a wurare da yawa bayan ɓallewar Furotesta, don haka yana son ginin da zai kama zuciyar mutum tun kafin a buɗe baki a yi masa wa'azi. Shi ya sa bangon Barok ba ya son tsayawa miƙe: ya lanƙwasa ciki, ya kumbura waje. Ga ƙubba, ga tagogin da aka ɓoye a sama don haske ya sauko ba a ga inda ya fito ba, ga silin da aka zana kamar sararin samaniya ya buɗe.

Su wa suka yi wannan aiki? A nan ne labarin ya fi yi mini daɗi. A ƙasashen da ake jin Jamusanci, da yawansu ba su taɓa shiga makarantar zanen gini ba. Magina ne da suka fara daga kwaɓa da miƙa dutse. Ana ce wa irinsu "Baumeister", kuma abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne sarkin magina, irin su Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'ar Zariya: shi ke tsara gini, shi ke riƙe da ma'aikata, in bango ya tsage shi za a nema.

Ɗauki Jakob Prandtauer. An haife shi a 1660 a ƙauyen Stanz cikin tsaunukan Tirol, yankin da samari ke fita neman aikin gini a wasu garuruwa saboda noma ba ya ciyar da gida. Ya shiga koyon gini a 1677, daga baya ya zauna a garin Sankt Pölten. Kuma ya zo a kan gaɓa. Bayan an kori sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya daga ƙofar Viyana, babban birnin Ostiriya, a 1683, hankali ya kwanta, manyan gidajen ruhubanawa (Kiristocin da ke keɓe kansu don ibada) masu filaye da kuɗi suka shiga gasar rushe tsofaffin gine-ginensu suna sake sababbi.

A 1702 shugaban ruhubanawan garin Melk a Ostiriya, Berthold Dietmayr, ya damƙa masa aikin sake gina gidansu. Wurin wani dogon dutse ne da ya leƙo kan kogin Danub, ruhubanawa na zaune a kansa tun 1089. Prandtauer bai yi faɗa da dutsen ba, sai ya bi shi. Ya ja dogayen gine-gine biyu a gefe da gefe, cocin a tsakiya da hasumiya biyu da ƙubba, sannan a can bakin dutsen wani baranda mai lanƙwasa ya haɗe su. Wanda ke tahowa ta kogi sai ya ga kamar wani ƙaton jirgin ruwa mai launin rawaya ya hau tudu.

Shiga zauren da ake kira Zauren Marmara ka ga wayon Barok ido da ido. Sunan ya fi abin yawa: marmarar gaske tana jikin ƙofofi ne, bangon kuwa yaɓe ne da aka kwaɓa da launi aka goge shi har ya yi sheƙi. Ɗaga kai, za ka rantse silin ɗin ya hau sama sosai. Fenti ne. Paul Troger ya zana tsakiyarsa a 1731, Gaetano Fanti ya zana ginshiƙan ƙarya da ke kewaye. Wani zai ce ha'inci ne. Ni dai ina ganin gwaninta ce, tunda ba a ɓoye wa kowa ba, ana so ne a ruɗe ka kana sane, kana murmushi.

Prandtauer ya riƙe wasu ayyukan a lokaci guda, har da gidan ruhubanawa na Sankt Florian da ya gada bayan rasuwar magini Carlo Antonio Carlone a 1708. Bai ga ƙarshen Melk ba, ya rasu a 1726. Ɗan'uwansa Joseph Munggenast, wanda ya koyi sana'a a hannunsa, shi ya kammala a 1736. Shekara biyu bayan haka gobara ta ci saman ginin, don haka kawunan hasumiyoyin da ake ɗauka a hoto yau aikin Munggenast ne.