Ma'anar Feminizim da Misalin Marubuciya Fatma Aliye

Kalmar feminizim ta zama ruwan dare a kafafen sada zumunta, kuma a bakin mutane da dama ta koma tamkar zagi, ana jifar duk macen da ta koka kan sakin wulaƙanci ko cire yarinya daga makaranta da ita. Asalin abin da take nufi shi ne ra'ayi da fafutukar da ke cewa bai halatta a tauye wa mace ilimi, ko dukiya, ko sana'a, ko ta cewa a aurenta da al'amuran ƙasarta ba, don kawai an halicce ta mace. Kalmar ta fito ne daga Faransanci, tushenta kuwa kalmar Latin ce mai nufin mace, kuma 'yar jaridar nan Hubertine Auclert, wadda ta kafa jaridar La Citoyenne a birnin Paris a 1881, tana cikin waɗanda suka fara kiran kansu da ita.

Abin da ake yawan mantawa shi ne masu wannan ra'ayi ba mazhabarsu ɗaya ba. Akwai masu ganin addini ne tushen danne mata, akwai kuma waɗanda daga cikin addinin suka tsamo hujjojinsu, suna masu cewa al'ada da son zuciyar maza ne suka ƙwace wa mata abin da shari'a ta ba su. Rayuwar Fatma Aliye, marubuciyar jarida da littattafan ƙagaggun labarai a Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ta fi dogon bayani fito da wannan ɓangare na biyu.

An haife ta a Istanbul, wato Santambul, a 1862. Mahaifinta, Ahmed Cevdet Pasha, babban masanin tarihi ne da fiƙihu, shi ne ya jagoranci kwamitin da ya tsara Majalla, kundin dokokin mu'amala na daular. A gida ta yi karatu, ta ƙware a Larabci da Faransanci. Tana da shekara 17 aka aurar da ita ga wani hafsan soja mai suna Faik Bey, wanda a farkon zamansu ya hana ta karanta littattafan labarai, sai daga baya ya sassauta. A 1889 ta fassara wani littafin Georges Ohnet daga Faransanci zuwa Turkanci, amma a wurin sa hannu sai ta rubuta "Bir Hanım", ma'ana "Wata Mace". Ko hakan bai tsirar da ita daga zargi ba, domin wasu sun dage cewa mahaifinta ko ɗan'uwanta ne ya yi aikin, a ganinsu mace ba za ta iya ba. Wannan rashin yarda da basirar mace shi ne ainihin abin da feminizim ya taso ya ƙalubalanta.

A 1892 ta fitar da littafinta Muhadarat da sunanta na gaskiya. A daidai wannan lokaci ta wallafa Nisvan-ı İslam, wato Matan Musulunci, inda ta kawo hirarrakinta da matan Turai masu ziyartar Santambul, tana warware musu kuskuren fahimtarsu game da sutura da aure da zaman kuyangi. Da malami Mahmud Esad ya yi rubutu yana kare auren mace fiye da ɗaya a matsayin abin da ɗabi'ar halitta ta wajabta, ta mayar masa da martani a rubuce, tana mai nuna cewa shari'a izini ta bayar bisa sharuɗɗa, ba ta umarci kowa da shi ba. Samun mace mai ja da malami a kan mas'alar fiƙihu, a bainar jama'a, da sunanta, ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani.

Inda ra'ayinta ya fi fitowa fili shi ne batun dogaro da kai. A littafinta Refet, marainiya ce matalauciya ta jure wahala har ta zama malamar makaranta. A Udi kuma, na 1899, matar da mijinta ya ci amanarta ta bar gidansa, ta riƙa ciyar da kanta ta hanyar koyar da kiɗan ud, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗan'uwan garaya. Wannan saƙo, cewa macen da ke da ilimi da sana'a ba ta zama a ƙasƙanci don tsoron yunwa, shi ta yi ta nanatawa a Hanımlara Mahsus Gazete, jaridar mata da ta riƙa fitowa daga 1895 zuwa 1908. Bayan yaƙin Turkiyya da Girka na 1897 kuma ta kafa ƙungiyar mata ta tallafa wa iyalan sojoji.

Zamani ya wuce ta tun tana raye. Jamhuriyar Turkiyya ta haramta auren mace fiye da ɗaya a dokar 1926, ta ba mata damar zaɓen 'yan majalisa a 1934, ita kuwa ta rasu a 1936 an kusa mantawa da ita. Da aka sa hotonta a takardar kuɗin Turkiyya ta lira 50 a 2009, wasu sun soki zaɓin, suna ganin ta cika riƙo da addini da al'ada, har yau kuma masana na saɓani kan ko ta cancanci a kira ta 'yar feminizim. A nawa ganin ta cancanta, domin abin dubawa shi ne haƙƙoƙin da ta nema wa mata, na karatu da aiki da mutunci a gidan aure, kuma ta neme su da alƙalaminta a lokacin da sa sunan mace a bangon littafi ma abin kunya ne a wurin mutane da yawa.